Tafiya da Italiyanci

A shekarar da na bar aikin asibiti na koma jinyar tsofaffi a gidajensu, kamfaninmu ya tura ni wurin wata tsohuwa a Southwest Washington. Daga Hyattsville nake shiga jirgin ƙasa na Green Line da safe, in sauka kusa da bakin ruwa, in ƙarasa da ƙafa. Tana zaune a wani tsohon bene, gidan da suka kama ita da marigayi mijinta tun yana aiki a ɗaya daga cikin ofisoshin gwamnati na unguwar.

Ɗanta ne ya buɗe min ƙofa ranar farko, wani dogo mai furfura, da ganinsa ka ga wanda ya gaji. Ya ce shanyewar ɓarin jiki ce ta same ta, ta taɓa ƙafar dama da hannun dama. Ya ce amma ba wannan ya fi damunsa ba. Mahaifiyarsa 'yar Italiya ce, ta zo Amurka tana amarya, ta yi yawancin rayuwarta tana Turanci. Da ta farfaɗo a asibiti sai aka tarar Turancin ya gudu, bai bar mata komai ba sai ɗan tsinci-tsinci. Italiyancin ƙuruciya kawai ya rage a bakinta.

"Ni kuwa ba na ji," in ji shi. "Iyayena sun ƙi koya min ina yaro, wai don kada a yi min dariya a makaranta. Yanzu ga ni ga uwata, sai kallo."

Aikina shi ne wanka, da abinci, da magani, sannan in sa ta motsa ƙafa kamar yadda mai gashin ƙashi ya tsara. A kan ukun farko ba ta musu. Amma da zarar na turo mata ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu sai ta juya fuska bango. Na lallashe ta da Turanci, na yi da hannu, har da Hausa na yi, don wani lokaci tsoho ba kalma yake ji ba, murya yake ji. Ko gezau.

Wata safiya a jirgi na tambayi wayata yadda ake cewa tafiya da Italiyanci. Ta ba ni camminare, ta jero min wasu kalmomi a ƙasa masu kama da juna kamar 'yan gida ɗaya. Na ɗauki ta farko na riƙe. Da na isa na ajiye mata ƙarfen a gaba, na gyara murya, na ce, "Mama, cammino."

Ta ɗago ta dube ni sosai, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Cammini? Brava." Ta nuna min ƙofa da hannun hagu. Sai ta kwashe da dariya, bakin a karkace, har da tari.

Sai da na koma wayar na gane abin da na yi. Cammino na nufin ina tafiya. Wato na zo na tsaya a gaban matar da ba ta iya tashi ina sanar da ita cewa ni ina tafiya, ita kuma ta ce madalla, ga hanya nan.

Ta yafito ni na zauna a bakin gado. Ta fara buga hannu a kan bargo tana faɗa: cammino, ta nuna kanta, cammini, ta nuna ni, cammina, ta nuna hoton mijinta a bango, camminiamo, ta haɗa mu biyu. Ta ƙarasa da camminate da camminano, na ku da na su. Ta sa na maimaita. Duk inda na kuskure sai ta tsuke baki ta girgiza kai. Daga baya ɗanta ya gaya min malamar firamare ce a ƙauyensu kafin aure. Na ce ai ba sai an faɗa ba.

A nan dabara ta zo min. Washegari da ta fara buga bargo sai na noƙe kafaɗa, na nuna mata ƙarfen. Da hannu da taimakon waya na fahimtar da ita cewa malama ba ta koyarwa a kwance. In tana son ɗaliba, sai ta miƙe. Ta harare ni, ta yi wata doguwar magana da nake kyautata zaton zagi ce. Amma ta kama ƙarfen.

Haka muka shiga. Tana jan ƙafa daga gado zuwa taga, ina riƙe da ɗamarar ƙugunta ta baya, tana faɗa ina amsawa. Na gane tushen kalmar ba ya motsi, ƙarshenta ne ke nuna wa ke yi da kuma yaushe. Ta gaya min camminare kalma ce mai ladabi, ba ta kauce wa ƙa'ida, in na iya ta na iya 'yan uwanta da yawa. Gaskiyarta kuwa, don ina gwada ƙarshen nan a kan parlare, wato magana, sai ya zauna daram.

Na fi son ranakun camminavo. Wannan shi ne na da, abin da mutum ya saba yi ya daina: nakan yi tafiya. Da ta koya min shi sai labari ya ɓalle. Rabinsa nake ganewa, waya ta cika min rabi. Makarantarta a kan tudu take, kullum da ƙafa take hawa, takalman aiki a jaka don kada duwatsu su cinye su, sai ta iso ƙofa ta saka. Na yi dariya na ce mata, "Camminavo," na daki ƙirjina. Mu ma haka muka yi a garinmu na kudancin Kaduna, takalmi a hannu har sai an hango makaranta. Ta kama hannuna ta matse. Daga ranar ta fara kirana figlia, wato 'yata.

Sai ga tsautsayi. Wata rana a tsakiyar falo ƙafar ta saki. Na tare ta, muka sulale ƙasa tare a hankali, ba ta ji ciwo ba. Likita ya duba ya ce babu komai. Amma tsoro ya shige ta. Ta koma gado, ta koma kallon bango, darasi ya tsaya.

Na yi ta neman abin da zan faɗa. Na koyo na gobe da kaina, na zo na ce mata cikin girmamawa, "Mama, camminerà." Za ki yi tafiya.

Ba ta juyo ba ta ce, "Camminerei."

Harafi kaɗan ne bambancin, na ɗauka gyara min take yi. Da na duba sai na ga ba gyara ba ne. Wannan shi ne na da-a-ce: da zan yi tafiya, da da hali. Ta ƙara da cewa da tana da ƙafa. Ko a cikin fushi ba ta yarda ta yi kuskuren nahawu.

Ranar Asabar ɗanta ya zo. Ya same ni a kicin ina dama mata miya, ya tsaya yana murza hula. Ya ce ya ji muna hira da ita kwanakin baya, shi kuwa bai da ko kalma ɗaya. Ya ce, "Yaya zan ce mata ina fatan ta sake tafiya?"

Ni ma ban sani ba. Muka duƙufa kan waya, muka tarar fata yana da nasa salon daban, wanda ake amfani da shi ga abin da bai tabbata ba tukuna. Na faɗa masa, ya maimaita a gaban tukunya har ya ɗan zauna masa. Ya shiga ɗakin, ni na tsaya a bakin ƙofa.

Ya durƙusa ya ce, "Mamma, spero che tu cammini."

Can sai ta juyo a hankali. Ta ɗaga yatsu biyu ta ce masa harafin nan na tsakiya biyu ne, a danna shi. Ya sake faɗa, ta sake gyarawa. A karo na gaba ba ta gyara ba, ta ɗora hannu a kan furfurarsa, hawaye na bin gefen hancinta. Na koma kicin na rage wuta.

Ba ta tashi ranar ba, ba ta tashi washegari ba. Sai tsakiyar mako, ina ninke kaya, na ji ta ƙwanƙwasa gefen gado. Ta nuna ƙarfen. Muka je taga muka dawo, tana haki. Da ta zauna ta ce, "Ho camminato." Na yi tafiya. Ta sa ni na faɗa da namu: abbiamo camminato.

Da sanyi ya wuce itatuwa suka yi fure, mai gashin ƙashi ya yarda mu sauka ƙasa. Muka shiga lifta, muka bi gefen titi a hankali, mutane na ratse mu, har benci na farko da ke kallon ruwa. Ta zauna ta daɗe tana kallon jiragen ruwa. Sai ta juyo ta tambaye ni yadda ake faɗar tafiya a harshenmu.

Na ce ina tafiya, kina tafiya, muna tafiya. Na yi tafiya, zan yi tafiya, nakan yi tafiya. Ta saurara da kai a karkace, ta sa na sake. Sai ta ce ta gane, mu kai muke canzawa, su kuma wutsiya. Ta ce namu ya fi sauƙi, na ce ta bari sai mun zo kan jam'in suna ta gani. Ta nemi wanda ake cewa idan ana so a tashi tare. Na gaya mata.

Iska ta fara kaɗawa daga ruwa. Na gyara mata gyale a wuya. Ta dafa ƙarfenta da hannu biyu, ta cije leɓe ta miƙe, ta dube ni ta ce, "Mu tafi."