Rijiyar Tanko Mai Igiya

A gidanmu na Farin Dutse, idan aka cire gyaɗa, yamma ta Iya Abu ce. Da an idar da sallar magariba an ci tuwo, sai ta jawo tabarmarta bakin murhu, ta zube mana gyaɗa a faifai, ta ce duk mai son labari ya sa hannu. Kakata ce ta wajen uba, 'yar ƙaramar tsohuwa mai kaifin baki. Ban taɓa ganin wanda ya iya raina mutum kamarta ba. Ba ta zagi. Sunanka kawai za ta faɗa, ta ɗan ja ƙarshensa, ta tura kara cikin wuta, kai da kanka ka ji ka ragu.

Labaran gizo ma tana yi, amma wanda ya zauna mini shi ne na Tanko Mai Igiya. Ranar da ta fara ba mu shi, sai ta share ƙasa da tafin hannunta, ta ɗauki gyaɗa uku ta ajiye. Biyu ta nisanta su da juna, ta ukun ta sa a tsakaninsu, ta ɗan tura ta gefe kaɗan.

"Ga ta nan ta iso, a matsa mata," in ji ta. "Wannan Kan Tudu, wannan Gangare, wannan ta tsakiyar Tsamiya. Ƙawata, kina gani ko kina cinye mini garuruwa?"

Ni ce ƙawar tata. Na sauke hannuna daga baki.

Ta ce garuruwan nan uku ba su da rijiya, daga tafki suke sha. Sai dattawansu suka yi shawara su haɗa ƙarfi su haƙa guda ɗaya. Ana cikin neman wuri, Tanko ya dawo daga birni da rawani ƙato da igiya a kafaɗa, yana cewa ya yi aiki da masu awon hanya.

"Aikin me? Bakin igiya ya riƙe musu," in ji Iya. "Su ce tsaya nan, ya tsaya. Ko turke zai iya."

Tanko ya ce wa dattawa adalci ɗaya ne: a haƙa rijiya a inda nisanta daga kowane gari zai zo daidai, kada wani ya fi wani ko da taku guda. Maganar ta yi wa mazan Kan Tudu da Gangare daɗi, domin abin da ke cin ransu shi ne kada matan Tsamiya su riga nasu matan kai guga. Aka tattaro igiyoyin garuruwan kaf, har da na ɗaure jakai, aka ƙulla su suka zama uku masu tsawo ɗaya. Aka kafa turke a kowane gari aka ɗaura, aka jawo bakunan.

Igiyar Kan Tudu da ta Gangare suka haɗu a tsakiyar hanya, a miƙe. Ta Tsamiya kuwa tana kwance a ƙasa, ta yi saura da yawa, saboda wurin dab yake da garin. Tanko ya ce a'a, a ƙara wa kowace tsawo, a ja baya. Aka ja. Har yanzu ta Tsamiya ba ta miƙe ba. Aka sake ƙarawa. Nan Iya takan ɗauki tsinke tana jan layi a ƙasa, tana nisanta daga gyaɗar nan uku, ta wuce bakin tabarma, ta wuce ƙafar ƙanena, sai ta soke shi can kusa da turmi.

"Nan igiyoyin uku suka miƙe tare. Bayan gonaki, bayan makiyaya, cikin duwatsu, inda ko mai neman itace sai ya yi guzuri."

Akwai wata mata a Tsamiya mai suna Dije. Ita ce ta tare su a hanya, da tulu a kanta, ta ce, "Malam Tanko, a haƙa a inda igiya biyun farko suka haɗu mana. Kowa zai je ya dawo kafin koko ya huce."

Tanko bai ko dube ta ba. Ya ce wa mazan, "Kun ji? Garinta take wa yaƙi. Mace ina ta san awo?"

Aka haƙa a cikin duwatsu. Ruwa ya fito mai daɗi, aka yi wa Tanko godiya, rawaninsa ya ƙara hawa biyu. Mata suka shiga fita da asuba, ba sa dawowa sai rana ta take, kowace da tulu ɗaya. Hajo, yayar Dije, tana da tsohon ciki. Wata rana santsin dutse ya kwashe ta a hanyar dawowa, ta tashi, amma abin da ke cikinta bai zo da rai ba. Daga nan mata da yawa suka koma tafki a ɓoye, kurkunu ya shiga gari, damina ta zo rabin manoma suna kwance da ƙafa a kumbure.

Sai Dije ta bi gida gida a garuruwan uku. Washegari babu macen da ta ɗauki tulu, babu wadda ta hura wuta. Suka ce wa mazajensu rijiya tana nan, nisanta daidai, kowa ya je. Kwana biyu maza suka yi suna ɗebo ruwa. A na uku suka ɗauki diga suka nufi inda Dije ta nuna.

Na tambaye ta, "Iya, Tanko ya ba da haƙuri?"

"Wa? Har ya mutu yana cewa awonsa daidai ne. Kuma daidai ɗin ne, ƙawata, ko taku ɗaya bai kuskure ba. Da kuskure ya yi, da na tausaya masa." Ta kwashe gyaɗar uku ta watsa a bakinta. "Na sauke ta nan. A tattara mini ɓawon."

Na daɗe ina ɗaukar labarin a matsayin na wawa. Sai da na shiga sakandare a Birnin Kudu, malamin lissafi ya zana alwatika a allo, ya raba kowane gefe biyu daidai, ya tayar da layi a tsaye daga tsakiyar kowanne. Ya ce inda layukan uku suka haɗu, nisansa daga kusurwoyin uku ɗaya ne. Sannan ya zana wata mai shimfiɗaɗɗiyar kusurwa, wadda ta fi kusurwar littafi buɗewa, ya nuna mana mahaɗar ta fice daga cikin alwatikar gaba ɗaya. Ya ce gwargwadon buɗewar kusurwar, gwargwadon nisan da za ta yi. Allin nasa ya kai bakin allo bai iso wurin ba. Na yi dariya ni kaɗai har ya tambaye ni ko lafiya.

Da na zo hutu Iya ta riga ta rasu. Ina ba mahaifina labarin allon, sai ya ce mini Hajo ba sunan tatsuniya ba ne, yayar mahaifiyar Iya ce, domin Dije ita ta haifi Iya. Sunayen garuruwan kawai ta canza.

Yanzu ni ma lissafi nake koyarwa. Shekarun baya aka samu za a haƙa wa unguwanni uku rijiyar burtsatse guda ɗaya a wajen Kiyako, garin mijina. Aka yi ta rigima a kan wuri, har yayan mijina ya aiko in zo da lissafina. Na je na tarar da maza cike da zaure, an shimfiɗa mini tabarma a bakin ƙofa. Wani Alhaji mai shadda da sitati, wanda ruwan gidansa a mota ake kawo masa daga gari, shi ke jan magana. Ya ce, "Malama, abu ɗaya muke so. Ki fitar mana da inda babu wanda zai fi wani kusa."

Na auna a takardar taswirar da suka ba ni, na fitar. Wurin ya faɗa hayin kwalta, bayan fadama.

"To ai shi ke nan, an yi adalci," in ji shi.

Na ce, "Alhaji, a gafarce ni. Cikin waɗanda ke zaune nan, wa ya ɗauki jarka a makon nan?"

Wani ya shiga gyaran hula, wani ya duba wayarsa. Liman ne ya ce a ɗage zaman, a tambayo mata. An haƙa ta a bayan makarantar allo, kusa da unguwar tsakiya. Alhajin bai ƙara gaishe ni ba, ni ma ban lura da rashin ba sai da aka faɗa mini.

Abin da na gane da girma shi ne Tanko bai yaudari kowa ba. Mazan nan sun ga inda igiya take kai su, sun bi ta da ƙafafunsu har cikin duwatsu, kowannensu yana jin sanyi a ransa cewa maƙwabcinsa ma zai sha wuya. Irinsu ban iya yi musu uzuri ba, kuma na daina ƙoƙari. Duk shekara idan na zo wannan darasin, ina koya wa 'yan matan ajina yadda ake fitar da mahaɗar nan, domin za ta fito a jarrabawa. Idan sun fitar, sai in sa su auna nisanta, in tambaye su wa zai taka shi.