Allunan Ustani Kaniz

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Kaniz, wadda duk ƙauyenmu ke kira Ustani, wato malama. Shekara talatin da 'yan kai ina jin muryar yara ta bayan katangar nan, ina gasa gurasa suna rerawa: am, nam, kam, sham. Mangwaro, suna, aiki, yamma ke nan da Urdu. Ni aji biyu na yi aka cire ni, amma waƙar ta zauna mini a ka.

Ba ta koyar da kalma ita kaɗai. Sai ta zana gida a kan allo, ta zuba kalmomin da ƙarshensu ya zo ɗaya, ta ce 'yan gida ɗaya ne. "Dube su da kyau, wutsiyarsu ɗaya, kai ne kawai ya bambanta. In kin san ɗaya kin san 'yan uwansa." In yarinya ta yi kuskure ba ta duka. Cewa take, "Kin kai ɗan mutane gidan da ba nasu ba. Mayar da shi kafin uwarsa ta biyo sawu." Da la'asar kowa ya wanke allonsa a bakin famfo, ya shafe shi da farar laka, ya jingina a rana ya bushe saboda gobe.

Mijinta ya rasu ɗansu Irshad yana shekara tara. Da allunan nan ta raine shi har ya girma ya tafi Maskat, can ƙasar Larabawa, aikin gini. Bayan tafiyarsa kunnenta ya fara nauyi, na dama da farko, sannan na hagu. Yara suka gane, suna motsa baki babu sauti, ita kuma tana gyaɗa kai. Iyaye ma suka gane. Daidai lokacin aka buɗe wata makarantar kuɗi a bakin titi, mai mota da rigunan makaranta masu kyau. Babu wanda ya ce mata komai, ɗaya bayan ɗaya dai aka daina turo su. Alluna goma sha huɗu suka rage rataye a bangon rumfarta, duk a shafe da laka, suna jira.

Irshad yana bugo waya duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ya aiko mata da abin sa wa a kunne, ta ce kuka yake mata kamar gyare, ta jefa shi a gwangwanin zare. Saƙon waya kuma da baƙaƙen Turawa yake rubutawa kamar sauran samari, ita kuwa ba ta karanta su. Sai ya zama ni nake riƙe wayar, tana zaune a gadon igiya tana kallon bakina. In ya ce lafiyarsa lau in gyaɗa kai. In ya ce ya ci abinci in kai hannu baki.

Wata Juma'a na ajiye wayar, ta daɗe tana kallona, sannan ta ce da muryar nan tata da ta koma ƙarfi, "Nuran, kusan rabin sa'a yana magana. Duk abin da ya iso gare ni shi ne wannan kan naki da ke lilo kamar na jakin mai bulo. Ɗana nake so in ji."

Ta miƙe ta sauko da allo ɗaya ta ɗora mini a cinya.

Na nuna mata furfurata. Ta ce, "Na gani. Da hannu ake rubutu, ba da gashi ba. Zauna."

Haka na koma ɗaliba, ni da jikoki biyar a Multan. Kullum bayan azahar nakan shiga, ta fere mini alƙalamin kara, ta dama tawada. Gida ɗaya a rana, wani lokaci gida ɗaya a mako. Hannuna ya saba da murza ƙullu, baƙaƙen sai su fito masu ƙiba. Takan ɗaga allon nesa da fuskarta ta ce, "Waɗannan 'yan gidan naki kam ba sa azumi." Tsakar gidan babu motsin kowa sai mu biyu da kurciyoyi. Ita ce ke rera kalmomin, ni in amsa, ko da yake na san ba ta ji. Ban taɓa fasa amsawa ba, Allah yana gani.

Duk cikin sanyin wannan shekarar abu ɗaya take jira. Shekara shida Irshad bai zo ba, kuma ya yi alkawarin zuwa in mangwaro ya nuna. Da bishiyar tsakar gidanta ta yi fure ta sa aka shafe ɗakinsa da farar ƙasa. Mai sayen mangwaro a bishiya ya zo kamar kowace shekara, ta sallame shi daga bakin ƙofa.

Juma'ar da 'ya'yan mangwaron suka fara rawaya, waya ta yi ƙara. Na zauna da allo a cinya, karo na farko.

"Masi Nuran, kina lafiya? Ammi tana kusa?" Masi yake ce mini, wato inna, uwarsa kuwa Ammi.

"Ga ta nan, idonta a bakina."

"Masi, ba a ba ni hutu ba. Bana ma ba zai yiwu ba. Kada ki gaya mata. Ki gyaɗa mata kai kawai, ki nuna mata wata mai zuwa."

"Ɗan nan, na daina gyaɗa kai. Allo ne a cinyata."

"Allo? Ke?" Ya yi dariya. "Ammi ta kama ki ke ma? Tana ce miki kin kai ɗan mutane gidan da ba nasu ba?"

"Kullum. Ka saurara, Irshad. Ba zan rubuta wa uwarka ƙarya da hannun da ta koya wa rubutu ba. Abin da ka faɗa shi zan sa. Kuma ka bi a hankali, ni ba injin ba ce."

Sannan ya fara, kalma ɗaya, ya jira, kalma ɗaya. Ya ce ba zai zo ba. Ya ce aikin ya yi yawa kuma in ya tafi wani za a ɗauka. Da ya ga dole ya jira ni, sai ya shiga faɗin abin da bai taɓa faɗa ba a shekarun nan. Bayansa na ciwo. Su takwas ne a ɗaki. Akwai wani abokin aikinsa da bai iya rubuta sunansa ba, shi yake koya masa a kan buhun siminti, gida-gida. Inda kalma ta gagare ni sai in faɗa masa, shi ya tuna mini 'yan gidansu daga can. Na cika allo uku.

Ustani ta karanta na farko, yatsanta yana bin layin. Ta kai ƙarshe ta koma farko. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗaga kai ta dubi bishiyar, ta ce, "Gobe ki kira jikokin liman su kaɗe shi, a raba wa layin nan." Sannan ta ɗauki na biyu da na uku, ta riƙe su har inuwa ta bar rumfar.

Da la'asar na kai hannu zan kwashe su in wanke, ta dafe su.

Tun daga ranar kowace Juma'a allo ɗaya muke cikawa, ta rataye shi da rubutunsa. In na leƙa ta katanga da hantsi nakan gan ta tsaye gaban bangon, mayafi a ka, tana bin su ɗaya bayan ɗaya, leɓenta na motsi. Wata uku ba su cika ba alluna suka ƙare. Na ce a rubuce, mu sayi littafi. Ta ce idonta ba ya ganin rubutun takarda, kuma nawa rubutun ba zai shiga ba.

Ta tsaya gaban bangon ta daɗe. Sannan ta sauko da na farko, wanda ya ce ba zai zo ba, ta tafi da shi bakin famfo da kanta. Ta wanke, ta shafa masa laka, ta jingina shi a rana saboda Juma'a.