Neman Wanda Ya Girmi Inna

Autarmu tana aure a wata ƙasar Turawa mai sanyi, inda mijinta yake aikin asibiti. Shekara shida shiru, sai Allah Ya kawo ciki. Amma cikin ya zo da hawan jini, likitoci suka ce kada ta kuskura ta hau jirgi. Ke nan ba goyon ciki a gida, ba wankan jego a ɗakin Inna a Nguru kamar yadda yayyenta mata suka yi. Tunda 'ya ba za ta iya zuwa ba, dole uwa ta tafi.

Inna hedimasta ce ta firamare da ta yi ritaya. Mahaifinmu ya rasu, ba abin da ya ɗaure ta a Nguru sai awakinta. Surukinmu ya yi mana bayani a waya cewa biza iri biyu ce a gabanmu. Akwai ta ziyara, mai sauƙin samu, amma ta 'yan watanni ce, tana ƙarewa sai mutum ya tattara ya dawo. Akwai kuma ta iyaye, wadda za a iya zama da ita shekara ɗaya har biyu, sai dai tana son gwajin lafiya da inshora da takardu tuli. Inna ta ce ita ba yawon buɗe ido za ta ba, kuma ba za ta bar yarinya da ɗanyen jiki da jariri a hannu ta juyo ba. Doguwar take so. Ni ne babba, ni ne kuma nake zaune a Gashuwa kusa da masu kwamfuta, saboda haka kayan a kaina ya sauka.

Na yi zirga-zirga har takalmina ya san hanya. Muka tura komai. Bayan 'yan makonni sai ga saƙo daga ofishin biza: wai shekarun haihuwar Inna uku ne. Fasfo da tasa, takardar fansho da tata, katin ɗan ƙasa ma da tasa. Ta fansho, wani akawu ne ya rage mata lokacin ɗaukar aiki, a ganinsa taimako ya yi. Ta katin kuwa, mai bugawa ne ya dubi fuskarta ya yanka mata abin da ya ga dama. Suka ba mu wata guda mu kawo takardar rantsuwa daga kotu, ta bakin wani ɗan'uwa da ya girme ta, wanda ya san haihuwarta. In ba haka ba, a rufe maganar. Haihuwar autar kuwa saura ƙasa da wata uku.

Ni mutum ne mai saurin hawa, ba na ɓoyewa. A shagon mai kwamfutar na fara zazzaga masifa. Matar da ta ba sittin da biyar baya, wa za a samo ya girme ta? Daga maƙabarta za mu tono shi? Mai shagon ya bar ni na gama, sannan ya rage murya ya ce ai wannan ba abin tayar da jijiyar wuya ba ne. Akwai wani dattijo mai farin gemu da yake zama ƙarƙashin darbejiya a kusa da kotu, sana'arsa ke nan. Rabin mutanen garin nan shi ne kawunsu a takarda.

Na kira Inna ina murna. Ta saurare ni tsaf, ta ce shekara talatin da biyar tana zane 'ya'yan mutane a kan ƙarya, ba yanzu da furfura za ta yi hayar kawu ba. Kuma ba za ta taka rantsuwar ƙarya ta je kan naƙudar 'yarta ba. Nan na ɗaga mata murya, Allah Ya yafe mini. Na ce gaskiyarta za ta sa yarinya ta haihu a hannun baƙi. Sai ta ce gwaggonta tana nan da rai a Dagona, in shirya gobe da sassafe za ta iso daga Nguru.

Wannan gwaggo, Kaka muke ce mata. Ƙanwar kakanmu ce, ita ta shayar da Inna, don mahaifiyar Inna wurin haihuwarta ta rasu. Rabona da ita shekaru, kuma a raina na riga na yanke cewa ta rikice. Lokacin ƙarshen damina ne, ruwa ya cika fadama. Muka hau babur har inda hanya ta nutse, daga nan sai kwalekwale. Ina ta tsaki a hanya, Inna tana jan carbinta kamar ba da ita nake ba.

Mun same ta a inuwar rumfa tana tsince shinkafa da lalube, don idanun sun tafi. Inna na yin sallama ta ambaci sunanta na yarinta. Da na gaishe ta sai ta ce au, ashe da mijin nan nata marowaci aka zo, wanda ko sabulu bai taɓa aiko mata ba. Na durƙusa na fara yi mata bayani da ƙarfi, dalla-dalla, kamar mai magana da ƙaramin yaro. Ta ce in daina yi mata ihu, idonta ne ya mutu, ba kunnenta ba.

Sai ta fara ba da labarin haihuwar Inna. Ta ce ranar Laraba ce, bayan la'asar, kwana uku da Mauludi. Shinkafa ta fara fitar da kai, ruwa kuma ya yi cikar da tsofaffin lokacin suka ce ba su taɓa gani ba. Ta faɗi matan da suke ɗakin ɗaya bayan ɗaya, da wadda ta yanke cibi, da inda ƙofar ɗakin take kallo. Ta ce ita a lokacin ɗanta na fari yana wata biyar a bayanta. Shekarar Turawa kam ba ta san ta ba, kuma ba za ta rantse a kan abin da ba ta sani ba. Amma ranar suna, da Inna da ɗan limamin garin safiya ɗaya aka raɗa musu, shi kuwa liman ba a yi masa haihuwa bai rubuta ba.

Ɗan limamin nan shi ne liman yanzu, tsoho da sandarsa. Aka aika masa, ya zo da gafakar mahaifinsa. Ya zaro wani littafi da gefensa ya cinye, ya yi ta buɗawa a hankali har ya tsaya. Ga shi nan da tawada, a gefen shafi: rana, da wata, da shekarar Hijira. Na lissafa a wayata. Ranar sunan ta faɗo Laraba, kamar yadda ya kamata. Shekarar kuma ita ce ta jikin fasfo. Na dubi tsohuwar nan da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba. Ofisoshi da kwamfutocinsu sun yi ta saɓa wa juna, ita kuwa ko kwana ɗaya ba ta kuskure ba.

Na ɗauka an gama, har na fara tattara takardu. Sai Kaka ta tambayi Inna me ya sa ake neman wannan tsohon zance yanzu. Inna ta gaya mata. Kaka ta ture faifan shinkafar gefe. Ta ce akwai abin da ba a taɓa faɗa wa Inna ba, don lokacin ana ganin ba amfani.

Mahaifiyar Inna daga wajen Jakusko aka auro ta. Haihuwar fari ce, ya kamata ta tafi gida, amma ruwa ya riga su, ya datse hanya. Da ciwo ya tsananta aka aika wa uwarta. Matar ta taso a ƙafa har bakin kogi. Kwana biyu kafin nan igiyar ruwa ta kifar da wani jirgi, saboda haka masu fito suka ce ba wanda zai shiga, ta bari sai gobe. Gobe ta yi suka sake cewa gobe. Kwana uku tana zaune a waccan gaɓar da ƙullin kayanta. Ita kuma yarinyar tana ɗaki tana kiran uwarta, har muryarta ta dishe. A rana ta huɗu aka ƙetaro da ita, ta tarar an dawo daga maƙabarta.

Ban taɓa ganin Inna tana kuka ba sai ranar. Ba sauti, hawaye kawai. Ni kuwa kunya ta rufe ni, na tuna irin maganar da na gaya mata jiya.

Kaka ta tambaya a ina ake rantsuwar. Na ce a Gashuwa, amma rana ta yi, ga ruwa, ga jikinta, ta bari gobe in zo da wuri mu lallaba. Ta dafa ƙasa ta miƙe.

"Na taɓa ganin an ce gobe. Ɗauko mini mayafina."

Mutanen gidan suka ce ta fi shekara goma ba ta fita garin ba. Ni na ɗauke ta na sa a kwalekwale, ba ta fi nauyin buhun ƙaiƙayi ba. Ta zauna a tsakiya ta miƙe wuya, ta sa hannu ɗaya a ruwa, har tana gaya wa mai tuƙi ya bi ta hagu, can ya fi kwanciya. Da muka fita ruwa muka sami wata a-kori-kura, direban ya sauke na gaba ya ba ta wurin. Mun isa kotu ana shirin tashi. Magatakardan da ya gan ta miƙewa ya yi tsaye. Ta ƙi dangwala yatsa sai da aka karanta mata takardar da Hausa tun daga farko har ƙarshe, ta ce e, haka aka yi, sannan ta miƙa hannu.

Jiran da ya biyo baya ba na son tuna shi. Kullum ina duba waya, kullum ina faɗa da wanda bai ji ba bai gani ba. Amma biza ta fito, ta shekara biyu. Na raka Inna Kano ta hau jirgi da kayan yaji da garin kunu a jaka. Kwananta goma sha ɗaya da sauka jinin autar ya hau, aka shiga da ita tiyata.

Washegari na tafi Dagona da kaina, don wannan ba labarin da za a aika ba ne. Ruwa ya janye, babur ya kai ni har ƙofar gida. Na ce Kaka albishirinki, an samu mace, ƙatuwa, mai gashi. Ko goron albishir ba ta yi mini tayi ba.

"Uwar fa?"

Na ce tana lafiya. Ta ce ita ba ta yarda da lafiyar da ake aikowa ba, sai ta ji da kunnenta. Na riƙe hannunta muka taka har bakin masallaci, inda waya take kamawa. Na kira, Inna ta ɗauka, ta kara wa autar a kunne. Muryar ta fito can ƙasa-ƙasa, ta ce Kaka ina wuni. Kaka ta riƙe wayar da hannu biyu.

"'Yar nan, wa ke kusa da ke?"

"Inna ce. Ga ta nan tana ba ni kunu."

Leɓen Kaka ya yi ta motsi. Sannan ta miƙo mini wayar, ta goge fuska da gefen mayafi.

"To," ta ce. "Wannan karon uwar ta iso."