Abin da Ke Kuka a Ƙirjin Ya'u Mai Albasa

Kun san ƙusar nan da ke jikin ginshiƙin rumfar Ya'u mai albasa a kasuwar Hedbirij ta Anacha, wadda yake rataye rediyo? To da labarinta. Ke Amatullahi, saki murfin tukunyar nan ki zauna.

Ya'u tun yana saurayi ya sauko Anacha a bayan motar albasa, daga ƙauyensu can bayan Wudil. Dako ya fara yi, a hankali har Allah ya ba shi rumfa tasa. Nan ya auri Hajaratu, nan suka haifi Firdausi, wadda in tana yaren Ibo sai ku rantse 'yarsu ce. Shi kuwa abu biyu kowa ya san shi da su. Kunnensa na dama ba ya ji, tun wani zazzaɓi na yarinta. Sai rediyo. In ya sallaci azahar sai ya miƙe a benci, ya ɗora ta a ƙirji ta hagu, dab da kunnen mai ji, a karanto masa duniya.

Da girma ya zo sai ƙafafu suka kama kumbura, ga haki, buhu ɗaya ba ya iya ja. Ran nan ya yanke jiki ya faɗi tsakanin buhuna. Aka kwashe shi sai asibiti a Inugu. Likitar, wata mace ce mai gilashi, ta ce wai zuciyar ɓangare-ɓangare ce, to nasa ba sa bugawa tare, kamar mata biyu a turmi ɗaya kowa na sakin taɓarya sanda ta ga dama. Aka tsaga ƙasan kafaɗarsa ta hagu aka sa masa wani abu kamar kwalin ashana, da wayoyi har cikin zuciyar. Shi zai riƙa daidaita musu luguden, in kuma zuciyar ta rikice ya fizge ta da wuta ta dawo hanya. Ni dai haka aka gaya min, kar ku tambaye ni ta ina wutar ke shiga.

Aka ce kar ya sa wayar salula a aljihun gaba. Ya'u ba ya wasa da maganar likita. Kaftaninsa kaf ya kai wa tela aka ɗinke bakin aljihunan.

Ya warke sumul, ya koma kasuwa. Ran farko ya miƙe, ya ɗora rediyo, sai ƙirji ya ce ƙiiii. Ya zabura ya tashi, shiru. Usaini mai tattasai, maƙwabcin rumfarsa, ya ce, "Ya'u, agogo ka haɗiye ne?"

"Kai ma ka ji?"

"Har mai okadan can ya waigo."

Washegari haka, jibi haka. Kullum kuma sai lokacin labarai. Usaini ya ce ai labaran ne ba daɗi, abin ba ya son tashin hankali, a koma tashar waƙa. Aka koma, ƙiiii. Hajaratu ta yi hayaƙi, ta karɓo tofi, ƙiiii. Ya'u ya zauna ya yi ta juya abin a ransa. Shi fa ya san batir, shekarunsa nawa yana ciyar da rediyo. Waya ma sai za ta mutu take irin wannan kuka. Ya ce shi ke nan, batirin abin ne ya ƙare, in ya ƙare kuwa mai shi ya ƙare.

Ya shigo gida ya ce, "Hajara, ɗaure kaya. Gida za ni, a sa ni kusa da tsohuwata."

"Haba Malam, mutumin da ya cinye malmala uku jiya?"

"Fitila ma in za ta mutu ai haske take ƙarawa."

Ya danƙa wa Usaini rumfa, ya bi layi yana neman gafarar mutane, ana ta koke-koke. Shi kansa bai gane ba, jiki garau, ƙafa ta saɓe, amma ga abu yana kuka. Firdausi ta tare ƙofa ta ce, "Baba, mu je Inugu tukun. In likita ta ce ya ƙare, ni da kaina zan sa ka a mota."

Suka je. Likita ta kwantar da shi, ta ɗora na'urarta, ta ce batir cike yake, sai ya yi shekaru. Ya'u ya ce wa Firdausi, "Gaya mata da kunnena na ji, mai jin ma." Likita ta duba, ta sake dubawa, ta ce ita ma abin ya ɗaure mata kai. Tana can tana danne-danne, shi yana kwance, lokacin labarai ya yi. Hannu ya saba. Ya laluba jaka, ya zaro rediyo, ya ɗora a mazauninta.

Ƙiiii.

Likita ta juyo. "Papa! Wetin bi dat?" Wato mene ne wannan. Ta ɗaga rediyon, shiru. Ta mayar, ƙiiii. Ta ɗaga, ta zauna tana dariya har da cire gilashi. Wai a cikin rediyo akwai maganaɗisu, in ya matso kusa sai mai gadin zuciyar ya naɗe hannu ya daina gadi, kukan nan gargaɗi yake yi. Nan dariyar ta tsaya. Ta ce ita ba ta taɓa ganin mai kwana da rediyo a ƙirji ba, shi ya sa waya kawai ta ambata. Kar ya ƙara.

Ya'u ya ce, "To me ya haɗa su faɗa? Ita fa ta riga shi zuwa." Firdausi ta ƙi fassarawa.

Suna dawowa ya ce, "Hajara, kwance kayan." Usaini ya mayar da rumfa yana mita, wai gafarar da ya yafe a dawo masa da ita. Ya'u ya auna kamu biyu daga inda kansa ke sauka a benci, ya kafa ƙusa ta ɓangaren kunnen hagu. Har yau in ana labarai za ku ga tafin hannunsa a ƙirji, wurin da rediyon take zama.