Ranar da Aka Raɗa Mini Malam Saiwa

Ko zan manta da komai a aikin koyarwa, ban da ranar da sufeto ya zo duba ni a wata firamare da ke ƙauyen gefen Kurugu. Ku sababbin malamai ku saurara, don ku daina tambayata dalilin da har yau ake ce mini Malam Saiwa.

Lokacin ina cikin shekarun gwaji. Ƙa'idar ita ce, kafin a tabbatar wa malami da aiki, sai jami'i daga ofishin ilimi na Ƙaraye ya zauna a ajinsa, ya duba shirin darasinsa, ya rubuta rahoto. Rahoton ya yi kyau, ka zauna da gindinka. Ya ɓaci, sai yadda hali ya yi. Ni kuwa ɗan birnin Kano ne, gyaɗa sai dai a soye na san ta.

Darasin ranar sassan tsiro ne, a aji biyar. Don in burge, na zaɓi gyaɗa. Na zana ta a allo da alli kala uku, na jera mata 'ya'ya reras a jikin saiwa. Kai, ni kaina zanen ya burge ni! Sufeto, wani dattijo Alhaji Inuwa, ya zauna a bencin baya, hedimasta Malam Sule na tsaye bakin ƙofa.

Ina cikin zuba bayani sai wata ɗaliba, Hanne, ta ɗaga hannu.

"Malam, ai gyaɗa ba a saiwa take haihuwa ba."

Malam Sule ya zare mata ido, yana yi mini alama in wuce. Wallahi sai da na ji kamar in daka mata tsawa. Amma na lura sauran yaran suna sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya, su duka.

Na ce, "To Hanne, a ina take haihuwa?"

"Idan fure ya bushe, wani ɗan tsinke ne yake fitowa ya soke ƙasa. A bakinsa take."

Bayan ajin gonar maigadi ce. Na leƙa ta taga na roƙe shi, ya tugo mana gindi ɗaya. Na karkaɗe ƙasar a gaban kowa. Ga saiwa can ita kaɗai, ga 'ya'ya kowane a bakin tsinkensa. Na ce, "Yara, malaminku ya yi kuskure, Hanne ce da gaskiya." Na goge zanen nan nawa mai kala uku, na miƙa mata alli. Ta zana, yara suna gyara mata, ni kuma ina sa wa kowane sashe sunansa na littafi. Ban taɓa ganin ajin ya yi rai irin na ranar ba.

Da aka tashi, Malam Sule ya raɗa mini, "Shi ke nan, ka kashe kanka."

A ofis Alhaji Inuwa ya daɗe yana rubutu. Can ya ɗago ya ce, "Malam Saiwa, ni manomin gyaɗa ne a Rogo. Tun da na shigo na ga ɓarnar da ka yi a allo. Jira nake in ga yadda za ka yi da yarinyar. Da ka rufe mata baki, da ni ma na rufe fayil ɗinka."

Takardar tabbatarwa ta zo, sunan kuma ya bi ni har ritaya. Tun ranar ba na shiga aji sai na bincika abin da zan koyar, kuma ba na raina abin da yaro ya zo da shi daga gida. Hanne yanzu malama ce. Duk kaka takan aiko mini da gyaɗa, kuma ba ta taɓa aiko ta tsinkakkiya ba, sai da gindinta, wai don kada in manta.