Yadda Baffa Idi Ya Rabar da Motar Babana

Duk wanda ya san Baffa Idi ya san sifanar nan tasa. A aljihun gaba take zama, inda mutanen kirki ke ajiye carbi ko goro. Ba ya wuce ƙarfe bai ƙwanƙwasa ba. Zai zaro ta, ya buga ƙwal, ya karkata kai ya kasa kunne kamar ana raɗa masa magana, sannan ya yanke hukunci: "Da saura!" Ƙofar masallacin unguwarmu ta sha wannan bugu, tukunyar mai shayi ta sha, har gadon aurena bai tsira ba. Ranar da za a kai kayan ɗakina Safana, an fito da gadon ƙarfe ƙofar gida yana ta ƙyalli, sai ga Baffa. Ƙwal!

"Da saura."

Na leƙo daga zaure, kunyar amarci ta tafi, na ce, "Haba Baffa, sabo ne fa dal!"

Ya ce, "Ai shi ya sa na duba, Uwata. Tsohon ƙarhe ya riga ya nuna halinshi, sabo ne ba a sani ba. Shi ma angon naki da zai tsaya da na ƙwanƙwasa shi."

Yayan mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kama sunana ba, sai dai Uwata. Ni kuwa na samu dama, ina yi masa tsiwar da ko 'ya'yan cikinsa ba su isa ba. Kuma na yi ta, wallahi, musamman a kan motar babana, wadda muka shekara da shekaru muna rigima a kanta ni da shi.

Kun san filinsa na bayan gari, gefen hanyar da ta fita daga Batsari. Matattun motoci ne jibge, wata ba kai, wata ba ƙafa, awaki na haihuwa a cikin wata. Idan kana son ka ga ɓacin ransa, ka kira wurin makabartar motoci. Nan take zai taso maka. "Makabarta gidanku! A makabarta binnewa ake, nan mahauta ce." Daga nan aka laƙaba masa Idi Mahauci, mutumin da ko kaza za a yanka sai ya bar gidan. Kuma da gaske kamar ragon layya yake yi da mota. Idan aka kawo masa wadda ta mutu, sai ya feɗe ta ya kasa uku: kashi ɗaya na mai ita, ɗaya na sayarwa, ɗaya sadaka. Tsohuwar taya ta zama takalmi, robar cikinta ta zama guga, ƙarfen da ya ƙi komai ya tafi maƙera ya dawo fartanya. Ko ƙusa ya tsinta a hanya sai ya miƙe ta ya jefa a gwangwani.

Abin dariyar, mutumin da ya ƙare rayuwarsa a cikin motoci bai yarda ya shiga mota ba. Kekensa kawai. Shi ma keken ba a san asalinsa ba, don sirdin daga wani babur ya fito, madubin kuwa na babbar mota ne, faɗinsa ya kai faranti. Ya ce yana son ya ga abin da ke biye da shi tun daga nesa.

A ranar kai kayan nan, an loda komai a akori-kurar babana, shuɗiya, yayana Lawal ke tuƙi. Aka yi aka yi Baffa ya shiga gaba, ya ƙi. Ya naɗe ƙafar wando ya hau keke, samari na yi masa dariya suna cewa sai ya iso ranar suna. Lawal ya ba ni labarin sauran. Ba su yi rabin hanya ba motar ta yi tari ta tsaya cak. Suna tsaye cirko-cirko a rana, sai ga madubin nan yana walƙiya daga nesa. Baffa ya iso, ya buɗe gaban motar, ya ƙwanƙwasa nan ya ƙwanƙwasa can, ya zaro wani guntun waya daga aljihu ya ɗaure wani abu. Mota ta tashi.

Lawal ya ce, "To Baffa, yanzu dai a ɗora keken bisa ka shigo."

"Ni? Ni da nike farke cikinsu kullum? Na san abin da ke riƙe da su, yaro. Waya ce da addu'a." Ya ɗaga ƙafa ya hau. "Kekena ba ya shan mai, ba ya yi ma mutane tusar hayaƙi. Koko na sha da sahe, shi ne man. Ku tahi, in kun sake tsayawa ina tahe."

Sun kuwa sake tsayawa. Shi ya riga su shiga Safana, har ya ci tuwon biki.

Wannan mota tare suka saye ta shi da babana tun suna da ƙarfi, rabi da rabi. Baba ke tuƙi, Baffa ke jinya. A bayanta na girma. Ranar kasuwa Baba kan ɗora ni kan buhunan wake, in riƙe ƙarafan bodin da hannu biyu, iska na kaɗa mini ɗankwali, yana leƙowa ta taga yana cewa in riƙe da kyau. Da Allah ya yi wa Baba rasuwa, ba a jima ba ita ma injinta ya buga. Shanu aka ɗaura suka ja ta zuwa filin Baffa. 'Yan'uwana maza suka ce a sayar a raba, ni kuwa na sa kuka, har suka gaji suka ce sun bar mini rabonsu. Ba tuƙa ta zan yi ba, ba kuma kuɗinta nake so ba. So nake duk sanda na zo gida in same ta a tsaye yadda Baba ya bar ta, in taɓa ta in ji sanyi. Ita kaɗai ta rage mini da ƙamshinsa.

Na je na sami Baffa na ce, "Wannan ban da ita a feɗe-feɗenka."

Ya ce, "Uwata, ƙarhen da ke zaune tsatsa ke cinye shi."

"Ta cinye. Ni dai kar a taɓa."

Ya sosa ƙeya da sifana ya ce, "Za mu gani."

Da farko na ɗauka ya ji. Ina nan wata rana 'yan gwangwan suka zo da sikelinsu, masu sayen ƙarfe a kilo su kai a narkar. Baffa yakan sayar musu, amma sai abin da ya buga ya ji ba amo. Babbansu ya zagaya motar Baba ya ce zai saye ta yadda take, a ɗora a sikeli gunduwa-gunduwa. Baffa ya dube shi sama da ƙasa.

"Hau sikelin."

"Na'am?"

"Hau mana, ai naka ne."

Bawan Allah ya hau yana dariya. Baffa ya duƙa ya leƙa allurar, ya ce, "To madalla, kana da nauyi. Nawa zan kai ma mahaihiyarka?"

"Subhanallahi! Baba, ai ni da raina!"

"Ita ma haka. Sauka ka ba ni wuri."

Ranar har fura na dama masa da hannuna. Ashe ni ce ban gane ba, ba don ni ya kore su ba.

Zuwana na gaba, na tarar da motar a durƙushe bisa duwatsu, ƙafafun baya sun tafi har da ƙarfen da ke haɗa su. Na yi salati na ce, "Baffa, ina ƙafafun?"

"Suna Wagini. Wani bawan Allah amalanken shanunshi ya karye, ga gero a gona. Rabona na ɗiba, Uwata, kin san rabi nawa ne."

Na haɗiye. Zuwa na gaba babu kujera, wai tana ƙofar masallaci tsofaffi na zama. Na gaba babu wili ɗaya, ƙarfen nan da taya ke zama a kai, wai wata mai ƙosai ta yi murhu da shi. Na gaba babu ƙofar hagu. Raina ya ɓaci, na tsaya a tsakiyar filin nan na riƙe ƙugu.

"Baffa, don girman Allah, wai wane rabin ne naka? Gaba ko baya? Dama ko hagu? Nuna mini in sani!"

Ya ƙirga yatsunsa kamar mai lissafi, sannan ya ce, "Duk wanda aka zo nema."

Kai, Baffa! Na yi fushi na daina biyawa ta filin. Idan ya zo gaishe da mahaifiyata ina gida, sai in gaishe shi a daƙile. Shi ko a jikinsa. Sai ya ce, "Uwata na hushi da ɗanta, Allah ya huci zuciyarta," ya ajiye mini rake ya hau kekensa.

Lokacin da rashin zaman lafiya ya tsananta a ƙauyuka, mutane suka riƙa kwararowa gari da 'yan kayansu, na ji an ce ya cire lagireto, wato tukunyar ruwan injin, ya ba wani direba daga wajen Runka. Motar mutumin ta tsaya ne cike da mata da yara, ga hanya ba ta tsayawa ba ce. Wannan kam ban ga laifinsa ba. Amma da na je na ga abin da ya rage, ƙashin mota kawai, ko ƙarafan bodin da nake riƙewa babu, sai na zauna a ƙasa na yi kuka sosai. Baffa ya tsaya daga nesa yana juya sifana a hannu.

Ciwon ajalinsa bai yi tsawo ba. Na zo daga Safana na same shi kwance, ya rame, sifanar na gefen matashi. Da ƙyar aka kai shi asibiti, don sai da ya galabaita har bai san an sa shi a mota ba. Da ya farfaɗo aka gaya masa, ya ce, "An ci amanata." Na zauna kusa da shi, na ce don in ba shi dariya, "Baffa, a ƙwanƙwasa a ji mana." Ya ɗauki sifanar ya ɗan taɓa ƙirjinsa, ya kasa kunne yadda ya saba. Ya yi murmushi.

"Wannan kam, Uwata, babu saura."

Ranar da ya rasu ina tsakar gida cikin mata aka shigo da makara daga masallaci. Ina ɗaga kai na ƙura mata ido. Shuɗin fenti, duk ya kankare, da ɗan lanƙwasar nan a gefe inda buhu ya taɓa faɗowa. Ƙarafan bodin motar Baba ne. Ashe tsohuwar makarar unguwa ce ta lalace, ya kai su aka yi wata. A kan ƙarafan da na riƙe ina yarinya aka ɗauki Baffa aka fita da shi.

A zaman makoki wata dattijuwa ta matso ta kama hannuna. Ta ce, "Ke ce ɗiyar Mamman direba? Ni ce mai ƙosan da aka ba wili. Ko sisi bai amsa ba. Sharaɗi guda ya kafa mani, duk sanda na hura wuta in ce Allah ya jiƙan Mamman. Wallahi ban taɓa tsallakewa ba." Wata ta ce ita guga aka ba ta, kuma sharaɗin ke nan, duk jan ruwa. Lawal ya shigo daga waje idonsa ja, ya ce ga mai amalanke daga Wagini, ga direban Runka, ga tsofaffin ƙofar masallaci, kowa maganarsa ɗaya. Shekarun nan duka da nake fushi, sunan babana na bakin mutanen da ban taɓa gani ba, safe da yamma.

Da za mu watse, matar Baffa ta kira ni ɗakinsa. Ta sauko da wani abu daga bango, naɗe cikin tsohon zane. Sitiyarin motar ne, da robar da Baba ya naɗa masa, ta yi santsi daidai inda tafin hannunsa ke zama. Babu ɗigon tsatsa, don kullum sai Baffa ya goge shi. Ta ce, "Ya ce in ba ki. Wai wannan an zo nema ya fi a ƙirga, amma ba ya cikin rabonshi." Ta haɗa mini da sifanar.

Na riƙe su ina kuka ina dariya. Ban san sanda na ɗaga sifanar na buga ƙarfen tsakiya ba. Ƙwal! Amon ya cika ɗakin.

Allah ya jiƙan Baffa Idi, ya jiƙan ƙaninsa Mamman. Yadda bai taɓa yarda a yar da abin da ke da sauran amfani ba, ya Allah kar ka yar da ko ƙwayar aikinsa na alheri. Ka haɗa su a Aljanna su biyu, ka sa mu iske su. Amin.