Mai Jar Mota a Garejin Nasarawo

Sau ɗaya ya taɓa rage mini hanya daga Kwadon, shekarar da na fita takaba, shi ya sa na gane shi. Yau ga shi a garejin da ke kallon inda nake sayar da gyaɗa.

Dogo ne, ya rina gemu, hula a goge, dugadugai duk faso. Motar ja ce, tsohuwa. An ce injinta ba irin na sauran ba ne, juyawa yake kamar na niƙa. In ya taka totur sai ta yi gurnani ta shaƙe, ko keke wuce ta yake.

Abba Gana makanike ya ce, "Alhaji, salansa ce ta toshe. Bari in yanke."

"Ka yanke? Haka ta zo daga waje! Sake duba fulogi."

Dubawa ta huɗu ke nan.

Matar Alhajin na kan benci, ƙafafu a kumbure, riƙe da katin asibiti. Ta ce a hankali, "Alhaji, ko in hau keke? Likita zai tashi."

"A ce matata a keke, ina da mota? Minti biyar."

Ya zaro hankici yana goge fitila. Har aka kira azahar bai waiwayi matar ba. Ina jin duk rayuwarsa ba a taɓa juyowa an kalle shi ba sai da ya sayi motar nan.

Allah ya yafe mini, amma na tuna ranar Kwadon. Matar nan na gefena, tana tari har muka iso. Da zan sauka ya shafa sitiyari ya ce, "Inna, bakinki na da albarka. Ki riƙa sa mini motar nan a addu'a."